Ƙarfen Da Nake Rataye Buta

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren babbar 'yata ba. Ko na so in manta, Yagana ƙanwar matata na da rai, kuma bakinta lafiya lau.

Ni direba ne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani giyar mota. Tirela na ja shekara da shekaru, ina ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu. Idan mota ta tunkari tudu, daga kukanta kaɗai zan gaya maka giyar da take ciki, in gaya maka ko gwani ne a kanta ko ɗan koyo. A shekarun tashin hankali aka tare mu a hanya. Wannan labarin ba zan ba da shi ba. Na dai fito da raina, amma ƙafar hagu ba ta dawo yadda ta tafi ba. Ita ce ƙafar kuloci. Shi ke nan ni da tirela.

Na zauna a gida. Zama bai karɓe ni ba. Ciwon ƙafar da sauƙi, abin da ya fi ci mini rai shi ne "sannu". Ka fito masallaci, sannu. Ka je shan shayi, a matsa maka a benci, sannu. Kamar mai jego.

Shi ya sa da kekunan lantarki na ɗaukar kaya suka shigo gari, masu ƙafa uku da bodi a baya, na sayar da abin da zan sayar na sayi ɗaya. Ba mai, ba hayaƙi, ba kuloci. Ka yi caji wurin masu sola, ka murɗa totur da hannu, ka tafi. Wani Alhaji Bakano ne ya sayar mini. Ranar da zan ɗauka ya dafa wani ɗan gajeren ƙarfe mai baƙin kai da ke gefen kujera, ya ce, "Direba, bari in nuna maka aikin wannan."

Na ce, "Alhaji, kai sayarwa ka iya. Tuƙi bar mini."

Ya ce, "To."

(Har yau ina jin wannan "to" ɗin a kunnena.)

Ƙarfen na taɓa shi sau ɗaya, na ji da tauri, na yanke hukunci maratayi ne. Na rataye butata. Ina da hujja: baburan lantarkin da nake gani a gari ba su da giya, me zai sa nawa ya yi? Na ma mai da abin wa'azi a teburin mai shayi. Nakan ce, "Giya ta ragon inji ce. Injin mai ba ya iya tashi da kansa, shi ya sa ake lallashinsa, ɗaya, biyu, uku. Lantarki daga tsaye yake bugawa." Su gyaɗa kai. Wa zai yi musu da ni a kan giya?

A kwalta maganata gaskiya ce. A cikin unguwa kuwa, idan na yi lodi mai nauyi, injin kan yi zafi kamar tukunya, batir ya ƙare tun rana ba ta yi nisa ba. Na ɗora wa mai caji laifi. Na ce rabin wuta yake ba ni. Har faɗa muka yi.

Sai bikin yarinyar ya zo. 'Yar fari ce, don haka kada ku jira in faɗi sunanta. Mu muna Hausari, gidan ango yana wata sabuwar unguwa can bayan Dogo Nini, inda kwalta ba ta kai ba. Kawun ango ya aiko cewa zai ba da a-kori-kura ta kwashe kayan ɗaki, "don kada a wahalar da Baba". Da ya tsaya a kan mota kawai, da na karɓa. Wannan wutsiyar da ya ƙara ce ta ɓata komai. Na ce a gaya masa mun gode, muna da mota.

Uwar yara ta ce, "Malam, uban amarya ne zai kai kayan jere? Ina aka taɓa yin haka? Da wane ido za ka dubi surukai?"

Na ce, "A bakin layi zan tsaya, matasa su kwashe. Ba mai ganina."

Ta buɗe baki za ta ƙara. Na ce, "Na gama magana."

Ranar jere mata suka yi gaba don share ɗaki. Da la'asar hadari ya fara haɗowa daga gabas. Abin da ya kamata in yi sawu biyu a kai, sai na haɗa shi wuri ɗaya: gado, kujeru, wadirof, tukwane, kwanuka, na ɗora katifa a can sama na ɗaure. Sabuwar katifa, ledarta ma mun cire tun da safe don 'yan kallo. Aka haɗa ni da Yagana ta kula da kayan fashewa.

Yagana ƙanwar matata ce, abokiyar wasana. Allah ya yi ta da jiki, ya ƙara mata da baki. A duk garin nan ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini sannu ba. "Gurgun direba" take ce mini, a gaban kowa, kuma wallahi ya fi mini daɗi. Ta matso gefena ta cinye rabin kujera, ta rataye kular abincin 'yan jere a kan ƙarfen nan, saman butata.

Ta ce, "Wannan abin wasan yaran ne zai kai mu?"

Na ce, "Riƙe bakinki, shi ne ya fi nauyi a cikin kayan."

A kwalta muka tafi sumul. Muka sauka, muka shiga unguwa. Kafin layin gidan ango akwai wani kwari da ruwa kan bi, cike da yashi, bayansa ɗan tudu. Tudun da a tirela ko kallonsa ba zan yi ba. Na murɗa totur har ƙarshe na shiga. Muka kai tsakiya, keke ya yi nishi, ya tsaya. Na sake murɗawa. Ya ɗan girgiza, ya tsaya. Na sake. Wari ya taso kamar an ƙona roba, wuta ta ɗauke.

Ga wani sharrin lantarki da ba wanda ya gaya mini: shiru gare shi. Idan tirela ta kafe, kukan inji yana rufe maka asiri, ba ka jin abin da mutane ke cewa. Nan kuwa komai tar. A saman tudun akwai majalisa ƙarƙashin darbejiya, abokan ango ne. Ina jin ɗaya ya ce, "Kai, ba baban amarya ba ne?" Wani ya ce, "Shi ne. Wanda ya ce giya ta ragwaye ce." Wani ya yi tarin da ba tari ba.

Suka gangaro da ladabinsu. Babbansu ya rusuna ya ce, "Sannu Baba. Bari mu tura. Ko a kira Kawu ya turo a-kori-kurar?"

Sannu da a-kori-kura a numfashi ɗaya. Na ce, "Duk wanda ya taɓa motar nan, ni da shi. Hutawa take yi."

Suka ja baya suka harɗe hannu. Na jira injin ya huce, wuta ta dawo. Iska ta taso, gari ya yi duhu, ɗigo ya fara sauka. Na ɗaga kai na ga ɗigon farko a kan katifa. Idan katifar nan ta sha ruwa, yarinyar nan a tabarma za ta shiga gidan miji, kuma dangin miji ba sa manta irin wannan. Jikokinta ma sai sun ji.

Yagana ta ce, "Ka ga ruwa ko? Girman kanka zai jiƙa wa yarinya katifa. Ni na tafi da ƙafa in kira maza na gaske."

Ta finciki kularta. Hannun kular ya sarƙe da ƙarfen, ta ƙara finciko shi da ƙarfin da Allah ya ba ta. Na ji ƙaras! Ƙarfen ya dawo baya, buta ta faɗi.

Na ce, "Kin karya mini maratayi!"

Ta ce, "Allah ya ƙara."

Na ce, "Zauna nan. Riƙe nan, ki riƙe nan. Idan na ce murɗa, ki murɗa kaɗan. Ni zan tura."

Ta ce, "Ni? Ko keken yara ban taɓa hawa ba."

Na ce, "Ba inda za shi. Taimaka mini kawai za ki yi."

Na zagaya baya. Na naɗe hannun riga, na kafa kafaɗa a jikin bodi, na tara duk ƙarfin da ya rage mini, don yaran nan su ga yadda maza suke. Na ce, "Murɗa!"

Keke ya tafi.

Ba da ni ba. Kafaɗata ta tura iska, na kife da fuska cikin yashi.

Ina kwance, baki cike da ƙasa, kunnena ya kama kukan. Siriri, mai nauyi, ba gaggawa. Kukan da na sani fiye da muryar 'ya'yana. Giya ɗaya. Duk watannin nan a babbar giya nake yawo da lodi, abin da ko ɗan koyo ya yi mini a tirela sai na sauke shi a daji. Kuma ƙaramar tana nan gefen cinyata, ina rataye mata buta.

Na ɗaga kai. Keke yana hawa tudu a natse kamar raƙumi, wadirof na rangaji, Yagana na salati da iya muryarta. Tsoro ya sa ta ƙara damƙe abin da ta riƙe.

Na yi ihu, "Saki totur!"

Ta ce, "Mene ne totur? Wayyo Allah, gurgu zai kashe ni!"

Ba gudu yake yi ba fa. Ƙaramar giya ba ta gudu. Tafiyar mai lafiyar ƙafa yake yi. Ni kuwa kun san halin da nake ciki. Na bi shi ina ɗingishi, ba hula, takalmi ɗaya, gemu duk yashi. Abokan ango suna tafe gefensa a hankali, hannuwa a baya, ba wanda ya taɓa. Ai na ce duk wanda ya taɓa, ni da shi. (Yara masu biyayya. Allah ya saka musu.)

Layin miƙaƙƙe ne, gidan ango a ƙarshensa. Mata suna ƙofar gida suna duban hanya saboda hadari. Suka hango kaya tafe, Yagana a kan tuƙi, mayafi na tashi. Suka ɗauka shiri ne. Suka rangaɗa guɗa. Tayar gaba ta shiga tulin yashin gini da ke ƙofar gidan, Yagana ta saki hannu ta rufe fuska, keke ya tsaya cak. Ko kofi bai fashe ba. Kafin ka ce me, an yi ciki da katifa, an kwashe sauran. Sannan ruwa ya ɓarke.

A cikin ruwan na iso. Ni da na ce a bakin layi zan tsaya ba mai ganina. Uban ango yana zaure, kawun nan mai a-kori-kura yana gefensa, duk suka sunkuyar da kai kamar ana addu'a, kafaɗu na rawa. Wata tsohuwa daga dangin ango, da ba ta san ni ba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan bawan Allah fa, daga ina?"

Yagana ta gyara ɗaurin ɗankwali. Matar da yanzun nan take kiran sunan kakanninta. Ta ce, "Karen motata ne, Iya. Sabo ne. A ba shi ruwa ya wanke fuska."

Washegari na koma kwarin ni kaɗai da lodin bulo. Na tsaya, na ja ƙarfen baya, na murɗa. Ya haye kamar ba komai. Na taɓa injin, ɗumi kawai. Da na hau kwalta na tsaya na mai da shi gaba, ya miƙe. Tun daga ranar, yashi da tudu da tashi da lodi na ƙarama ne, kwalta ta babba. Injin ya daina wari, batir yana kai ni yamma. Ashe lantarkin ma, duk ƙarfinsa, idan ka sa shi ya yi aikin bijimi da na doki da ƙafa ɗaya, wuta zai sha ya ƙone kansa. Mai caji ban ba shi haƙuri ba, na dai daina zaginsa. Shagon Alhaji kuwa na canza hanya.

Sirikina yaron kirki ne. Idan ya zo gaishe ni yakan durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Uwar yara ta ce ladabi ne. Ni na san dariya yake ɓoyewa.

Abin da na koya kaɗan ne. Idan mai kaya ya ce bari in nuna maka, ka bari ya nuna maka. Idan kuma ka ga ƙarfe a jikin mota, ba don butarka aka sa shi ba. Na kafa mata ƙusa.

Riba ɗaya na ci: an daina ce mini sannu. Yanzu idan na je shan shayi ba mai matsa mini a benci. Sai dai wani ya ce, "Direba, wai giya nawa ne a motar taka?"

In kurɓi shayina in ce, "Biyu. Ɗaya tawa, ɗaya ta Yagana."