Ɗantani da Matar da ke Kan Tabarma

Ku yaran nan ba ku da aikin yi ne? Mutum ya yini a tsaye, ya zo zai miƙe ƙafa, sai ku tsare shi da wace ce wannan a jikin bango, me ya sa tabarmarta ke tashi sama. Ni na zana? Ku je ku tambayi goggonku Uwani, ita ta ɓarnatar da fentin da zai ishi ƙofa uku. To ku zauna, ku daina ture-ture. Sau ɗaya zan faɗa, wanda bai ji ba shi ya so.

Wani mutum ne a garin nan, ana ce masa Ɗantani. Shekara biyu ya yi a Ikko yana gadin wani gida da ake rataye zane-zane, mutane na zuwa kallo. A bakin ƙofa fa, da sanda a hannu. Amma da ya dawo, wai Turawa layi suke yi yana fassara musu. Wai shi ko ƙuda ne ya faɗa cikin fenti ya yi birgima a takarda, zai gaya maka abin da ke damun ƙudan. In ya fara zuba, har mai shayi sai ya manta da butarsa a wuta.

Lokacin goggonku ta fita takaba da shekara guda, ta dawo gidan nan tana ta shafe-shafenta da fentin nan na mai, mai warin da ko kaza ba ta shiga ɗakin. Ɗantani ya liƙe yana neman aurenta. Yau goro, gobe tsire, jibi surutu zalla. Da ta gaji sai ta ce masa, "Malam Ɗantani, tun da ka ce ka san zane, akwai wanda na gama. Ka zo ka faɗi abin da ka gani a gaban Inna. In ka gane shi, ka turo manyanka. In ba ka gane ba, kowa ya kama gabansa."

Ya bugi ƙirji, dam! Ya ce, "Uwani, ai kin kai kura mahauta."

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi, babbar riga fara ƙal, turare kamar an fasa shago. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa. Wannan kam na yaba masa, yana da kunyar surukai. Zuwansa uku gaishe ni, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskata ba. Yatsun ƙafata kawai ya sani.

Ina kan kujerata, ƙanwata Tabawa na gefe tana tsinke zogale. Uwani ta ɗauko zanen nan da kuke gani ta jingina shi da rumbu. Ɗantani ya juya ya fuskance shi, ya ba ni ƙeya. Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya rufe ido ɗaya.

"Hmm," ya ce. "Ikon Allah. Wannan zane yana da nauyi."

"Muna ji," in ji Uwani.

"Kun ga shuɗin nan da ya cika ko'ina? Baƙin ciki ne. Mu a Ikko, da mun ga shuɗi mun san ba lafiya. Tsuntsayen nan kuma da ke tafiya a sama da kanta, ungulaye ne, sun ji warin abin da ta aikata."

Tabawa ta daina tsinke zogale.

"To ku dubi hannunta na dama. Ya kumbura sumul kamar taɓarya, ba yatsa ko ɗaya. Me ke nan? Rowa! Hannun da ba ya buɗewa ke nan. Wannan matar ko gishiri ka je roƙo sai ta ƙirga maka."

Tabawa ta fara tari, ƙoƙ, ƙoƙ. Na taka mata ƙafa.

"Ƙafafunta kuwa an naɗe su da tsumma da ganye, an ɗaure tamau. Mutanen gida ne suka ɗaure ta don kada ta fita. Amma ina! Ga shi ta hau tabarma ta tashi."

Na ce, "To, malam, fuskar fa?"

Bai juyo ba. Jin ana tambayarsa sai kansa ya ƙara girma. Ya ce, "Yauwa Inna, nan ne gundarin maganar. Ido a rufe, baki a hangame, ga wushirya kamar ƙofar gari. Ta ƙoshi ne tana lumshe ido. A taƙaice dai mayya ce. Tsohuwar mayya marowaciya, za ta taron mayu. Ni dai Allah ya raba ni da haɗa zuri'a da irin wannan mata."

Uwani ta shafa addu'ar, ta ce, "Amin, Malam Ɗantani. Addu'arka ta karɓu tun ba ka tashi ba."

Tabawa ta kife a kan faifan zogale, sai kafaɗunta ke rawa.

Na ce, "Ɗantani, juyo."

Ya juyo, kai a ƙasa.

"Ɗago kanka."

"Haba Inna, ai ba tarbiyya ba ce."

"Na ce ɗago!"

Ya ɗago a hankali kamar mai leƙa rijiya. Na buɗe masa baki da kyau don ya ga wushiryar. Ya dube ni. Ya dubi zane. Ya sake dubana. Tsaga uku a kumatun zane, tsaga uku a kumatuna. 

Na ce, "Abin da ka kira hannun rowa, zunguru ne. Dogon ƙoƙon da mace ke zura hannu a ciki in ta sa lalle. Uwarka ba ta taɓa ƙunshi ba ne? Ƙafar ma lalle ne, jajibirin sallah. Barci ya kwashe ni a tsakar gida, wannan marar kunyar ta zauna tana zana ni maimakon ta kori zabin da ke cinye mini dawa. Ungulayenka ke nan, zabi. Shuɗin kuwa shi ne fentin da ya rage mata."

Gumi ya karyo masa shar. Ya fara ja da baya a durƙushe, yana ja, yana ja, sai ji kake facal! Ya zauna daram cikin kaskon ruwan agwagi, da farar rigarsa. Bai ma yi yunƙurin tashi ba. Daga cikin kaskon ya haɗa hannu biyu, ya ce:

"Inna, ai ba ki bari na ƙarasa ba. Su mayun ma akwai na kirki."

To, kun ji. Ke kuma Hanne, me kike leƙe a bakina? Rufe naki. Ku tashi ku kakkaɓe tabarmar nan, kowa ya kama makwancinsa, kada in ƙara jin motsin kowa.