Ranar da Na Gudu da Kaskon Gwaggon Ango

Ko tsufa ya kwashe min komai a kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwata Asma'u ɗakin mijinta ba. Har yau in na ji ƙanshin turaren wuta sai na leƙa ƙarƙashin mota, ko da motar ba tawa ba ce.

Mu 'yan Argungu ne, aiki ne ya zaunar da ni Birnin Kebbi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar mota fara, irin mai dogon hancin nan da giyarta ke jikin sitiyari. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don a cikinta aka ɗauko Innarmu tana amarya. Da aka sa ranar Asma'u da wani malamin makaranta a Birnin Kebbi, abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Yaya, Baba ba zai raka ni ba. Don Allah motarshi ta raka ni." Na bugi ƙirji na ce an gama.

Matsalar ita ce famfon man motar yana yoyo. Ɗan tsagu ne a gefensa, kusa da inda tiyo ya shiga, da an tayar da inji sai fetur ya riƙa ɗiga. Mai hankali bakanike zai nema. Ni kuwa (aikina a ofis buga hatimi ne, kar ku manta) na taɓa jin direbobin tasha na cewa sabulu yana toshe yoyon fetur. Na sayo sabulun wanki, na murtsuke shi har ya yi laushi, na liƙe wurin. Wallahi yoyo ya tsaya cak! Daga ranar na zama injiniya. Har shawara na fara ba abokan aikina kan motocinsu, alhali babu wanda ya tambaye ni.

Ran biki, ana gama ɗaurin aure na gangara da ita bakin gulbi in wanke ta. Na wanke jiki, na wanke tayoyi, sai zuciya ta ce min, to in dangin ango suka ce a buɗe bonet su ga injin da fa? Na buɗe, na yi ta kwarara ruwa da bokiti, na goge famfon nan har yana ƙyalli. Ko kusa bai zo min a rai ba cewa abin da fetur ya kasa yi wa sabulu, ruwa zai yi masa cikin sauƙi.

Bayan la'asar dangin ango suka iso ɗaukar amarya. Na tsayar da motar ƙofar gida, na bar injin yana aiki (tsoro nake kada ta ƙi tashi gaban baƙi), na tsaya cikin babbar rigar shadda ina karɓar gaisuwa kamar ni ne angon. Aka fito da Asma'u a lulluɓe aka zaunar da ita baya. Sai gwaggon ango, wata dattijuwa mai kaifin baki wadda ita ce jagorar tafiyar, ta leƙa ta taga ta yamutsa fuska.

"Motag ga warin fetur taka yi. Amarya ba ta shiga ɗakin miji da wari. Ku miƙo min kasko!"

Kun san mata da turaren wuta ranar biki, kasko ba ya nisa. Nan take aka fito da shi, garwashi jajir. Ni ma na ji warin tun ɗazu, amma na ce ai tsohuwar mota ta gaji haka. Allah ne kawai ya kai idona ƙasa. Fetur ya kwanta ƙarƙashin hancin motar, ya kama hanya yana gangarowa har gindin ƙofar da ƙanwata take, daidai inda Gwaggo ke shirin durƙusawa ta ajiye kaskon.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. "Wayyo Inna! Ku kashe mota! Ku fito da amarya!" Na daka tsalle na fizge kasko daga hannun tsohuwar mutane, na ranta a na kare. Garwashi ya faɗa hannun rigata, na ji zafi, na ga hayaƙi, na tuɓe rigar a guje na yar. Ban tsaya ko'ina ba sai tsakiyar mata masu girki, inda na dulmiya kaskon cikin babbar robar zoɓon baƙi. Da na waiwayo, ga gida cike da jama'a, ga ni tsaye cikin tsohuwar singiletin da na yi wankin mota da ita, mai huji a ciki (na ɗauka babu mai ganinta ƙarƙashin shadda).

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Wanga yaro mi yas same shi? Aljanu gare shi ba ku gaya muna ba?"

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Sabulun ne ya narke."

"Wane sabulu?"

Haka na kwance wa kaina zani a kasuwa, tun daga tasha har bakin gulbi. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Amma da Innarmu ta je ta ga sawun fetur ɗin, sai ta zauna a ƙasa tana salati. Gwaggo ma ta kalli hannun da ta riƙo kaskon da shi.

Abokan ango suka ce a sa amarya a sabuwar motarsu kawai. Na hango Asma'u a zaure, mayafinta na girgiza, raina ya ɓaci matuƙa, don na karya mata alkawari. Sai ga Baba Manu, maƙwabcinmu, aminin Baba, wanda suka sayi motocinsu iri ɗaya lokaci guda. Tasa ta daɗe da mutuwa a bayan gida. Ya ce, "Tawa komi nata ya tafi, amma famfonta bai taɓa yoyo ba. Tafi ka kwanto shi, in kaza ta yarda."

Kazar ba ta yarda ba. Kwanci take yi a gefen injin, kuma sai da ta sassare ni a hannu kafin na kwance notin. Na dawo na cire namu, na ɗaura na Baba Manu, na matse tiyo da kyau. Aka tura motar gaba, aka rufe fetur ɗin da yashi. Na yi bisimilla na murza makulli, ta tashi. Na shimfiɗa farin hankici ƙarƙashin famfon, muka zuba ido. Ko ɗigo babu. Gwaggo da kanta ta sunkuya ta shinshina, ta ce, "To, mu tafi. Kasko dai a bar shi gida." Aka mai da Asma'u mota, muka kama hanya.

A hanya mayafin Asma'u bai daina girgiza ba, mata na ta cewa, "Yi haƙuri ɗiya, aure ya gaji haka." Na leƙa ta madubi, ashe 'yar banza dariya take ƙyaƙyatawa tun daga zaure. Wajen Ambursa wasu shanu suka tare hanya, na danna tsohon oda ɗin nan mai kakkausar murya. Sai mayafin ya tsaya. Can ta ce a hankali, "Yaya, ƙara dannawa. Haka Baba yake yi in ya iso gida."

Na ƙara dannawa. Daga nan kukan ya zama na gaske, kuma ba ita kaɗai ba, don da ƙyar nake ganin hanya har muka shiga Birnin Kebbi lafiya.

Abin da na koya bai da yawa: sabulu na wanki ne, mota ta bakanike ce. Gwaggo kuwa ba ta bari in manta. Kowace Salla sai ta aiko min da sabulu sanda guda, ta ce a ba injiniya.