Ranar da Na Toshe wa Ruwa Hanya

Shekara shida ina lodin siminti a Malbaza. Da na je gida Dogarawa na iske daɓen tsakar gidanmu ya tsattsage, ciyawa ta tsiro a kowace tsaga, sai na ce aiki ya zo hannun gwani.

Na tuge ciyawar, na kwaɓa siminti, na bi tsagar duka na cike. A gindin katanga na ga wani rami cunkushe da haki.

Inna ta ce, "Bar wannan, haka babanku ya yi shi."

Na ce, "Inna, Baba noma ya sani, ni na san siminti." Na liƙe shi tam.

Ashe mafitar ruwa ce. Bayan kwana uku aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya taru ya ci gindin rumbu, rumbun ya kife da geron da zai kai mu kaka. Inna ta tsaya cikin ruwa har gwiwa, tana tsamo abin da ya saura na geron. A daminar nan sau ɗaya muke aza tukunya a yini.

Har yau in hadari ya taso, maƙwabta kan leƙo su ce, "Injiniya, ka yi wani gyara ne? Mu kwashe hatsinmu tun da wuri."