Yadda Na Ƙosar da Ɓerayen Hindatu

Shekara arba'in ina yaƙi da ɓera a gidanmu na Ƙofar Kibo, sai ga jikata Hindatu ta shigo mini da goma sha biyu a keji, farare tas. Wai binciken digirinta ne, an rufe ɗakin gwajinsu na mako uku. Rabi suna ci su ƙoshi, rabi kuwa da awo take ba su, don a ga ko ƙarancin ci yana sauya sinadaran jiki ya ƙara tsawon rai.

Ni da na raini 'ya'ya tara za a koya wa ciyarwa? A gidana ko ɓarawo aka kama sai ya ci tuwo. Da ta fita, sai in bi ramammun nan da ƙuli-ƙuli, ranar Juma'a har da fura. Suna murjewa, ina jin lada yana shiga.

Ranar da ta ɗora su a sikeli, ta sake ɗorawa, sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Hajiya, me kika ba su?"

"Haƙƙinsu," na ce, ko kunya babu.

"Aikina na wata takwas kika ba su suka cinye!"

Sai da ta sake daga farko, kammala karatunta ya koma baɗi. Yanzu ko tuwo na ƙara wa baƙo, sai ta leƙo ta ce, "Malam, ci a hankali, Hajiya rage kwana take yi." Maƙwabta kuwa Uwar Ɓeraye suke kirana, har a gidan suna.