Agogona Ya Ce Ni Ɗan Tsere Ne

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi kalmar shahada a gefen titin Jega ba, daga ni sai gajeren wando.

Agogon hannu ne ya ja min, irin mai auna bugun zuciya, wanda yayana ya aiko min. Ni dillalin albasa ne a Aliero, da tumbina daidai gwargwado (matata Hadiza ta ce ya wuce gwargwado). Kullum da safe nakan danna masa alamar gudu, in ɗan yi sassarfa zuwa bakin layi, sai in haye kekena in zaga gonaki. Kashe shi kuwa ban taɓa tunawa ba. Ana nan sai agogo ya sanar da ni cewa ƙarfin numfashina irin na manyan 'yan tsere ne, har da shawarar in ƙara nisa.

Na kai labari majalisa. Abokina Murtala, malamin motsa jiki, ya leƙa ya ce, "Wanga abu kintace shika yi, ba likita na ba. Hwara da kaɗan." Na ce hassada ce, na kuma yi alkawarin zuwa Jega da gudu.

Da hantsi na fita, ko ruwa ban riƙa ba. Ban yi nisa da gari ba ƙirjina ya ɗaure kamar bakin buhu. Na duba agogo, ya nuna in ci gaba, ni kuma na bi. Can sai gefen idona ya fara duhu, kunnuwana suka toshe, zuciyata na dukan da ban taɓa ji ba. Na zube gindin wata bishiya. Tsoro ya kama ni sosai, don na sakankance mutuwa ce. Na tuna 'ya'yana, na tuna ko sallama ban yi musu ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne a wannan wandon za a tsinci gawata.

Wata mota a-kori-kura ta tsaya, shaƙe da albasa daga Maiyama. Wanda ya sauko kuwa surukina ne, mahaifin Hadiza, mutumin da ban taɓa tsayawa gabansa ba hula ba. Ya sa aka kwara min ruwa, ya jira har na dawo hayyacina, sannan ya ce, "Wa ak koro ka?"

"Ba kowa, Baba."

"To gudun mi kaka yi?"

Na sunkuyar da kai. "Agogo na yac ce in yi."

Ya daɗe yana kallona. "Ɗiyata za ka bar ma marayu don agogo?"

A kan buhuna aka kwantar da ni, aka bi da ni ta gaban majalisa. (Hawayen da suka gani na ce albasa ce.) Muna cikin tafiya agogo ya girgiza: yana taya ni murna, wai yau na yi gudun da ban taɓa yi ba. A nan na gane ashe duk kwanakin nan kekena yake yabo.

Har yanzu ina ɗaura shi, ina kuma sassarfata kaɗan-kaɗan yadda Murtala ya ce. Amma duk ranar da agogo da ƙirjina suka yi saɓani, ƙirjina nake bi, don shi agogo ba shi da iyali.