Ranar Da Na Ba Akuya 'Yancin Zaɓi

Ba zan taɓa mantawa da wa'azina na farko ba, kuma ko na so in manta, matata tana nan da ranta da lafiyarta, ba za ta bari ba.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba tukuna. An turo ni daga Zuru in koyar a wata firamare a Birnin Kebbi, na kama ɗaki a Badariya, gidan wani dattijo mai suna Baba Manu, manomin shinkafa a fadamar Zauro. Shi Musulmi, ni Kirista, amma ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Ranar Lahadi ina zuwa wata 'yar majami'armu da ake sujada da Hausa, inda aka san ni da abu biyu: wando mai faɗin ƙafa da kuma ilimi. (Na biyun ni na ba kaina shaidarsa, ban jira kowa ba.)

A majami'ar nan akwai Rahila. Ba sai na yi dogon bayani ba, ita ce dalilin da ban taɓa makara ba. Mahaifinta, Dattijo Bitrus, tsohon soja ne kuma dattijon ikilisiya, mutumin da in ka gaishe shi sai ka ji kamar ka yi laifi. Kawuna ya zo takanas daga gida ya kai masa maganar ina son 'yarsa. Amsar da ya bayar ita ce, "Zan duba yaron." Shi ke nan. Damina ta shigo ta fita yana duba ni.

Ana nan sai fasto ya ce matasa ne za su yi wa'azi ranar godiyar girbi, kuma ni aka zaɓa. Na ce a raina, yau Dattijo zai gama dubawa.

Mai hankali, in an ce ya yi wa'azi ranar godiya, sai ya yi magana a kan godiya, mutane su ce amin su tafi gida su ci tuwo. Ni ina! Na riga na aro wani littafin tauhidi na karanta rabinsa, kuma rabin nan yana ta yi mini ƙaiƙayi. Tambayar da ke ciki ita ce: in Allah nagari ne, kuma duk abin da ya halitta mai kyau ne, to daga ina mugunta ta fito? Amsar kuwa, Allah bai halicci mugunta ba. Ya ba mutum 'yancin zaɓi ne, domin biyayyar dole ba ƙauna ba ce, mutum kuma ya ɗauki 'yancin ya juya wa Mahaliccinsa baya. Mugunta kamar yagewa ce a jikin riga, ba tela ne ya ɗinka ta ba. Amsa ce da manyan malamai suka daɗe suna nazari a kanta tun kafin a haifi kakan kakana. Ni kuwa da na duba, sai na ga abu ɗaya ya rage mata: ba ta da akuya.

Na sami Baba Manu yana gyaran lauje a ƙofar gida, na ce ya ara mini jar akuyarsa ranar Lahadi.

Ya ɗago ya dube ni. "Malam, mi za ka yi da wagga a wurin ibada? Ba ta da tsoron Allah. Ta cinye albasar maƙwabta har na gaji da ba da haƙuri. Ɗauki tunkiya."

Na yi masa bayani cikin tausayi, irin na mai ilimi, cewa tunkiya ba ta da ra'ayin kanta, ni mai zunubi nake nema. Ya ce to, ai kuwa na samu.

Dabarata mai sauƙi ce. Zan ajiye kwanon dusa a dama, wato abin da aka halatta, zangarniyar gero a hagu, wato abin da aka hana. In kwance akuya, ta nufi geron, jama'a su ga yadda Adamu ya faɗi da idonsu. Na gwada a tsakar gida sau da yawa, ba ta taɓa ba ni kunya ba, kullum haram take nufa kai tsaye. Don in ƙara tabbatarwa, na hana ta abinci tun yammacin Asabar. (Ku riƙe wannan, za a tambaye ni a kansa.)

Wanda bai taɓa ganin godiyar girbi ba, ga yadda take: kowa yana kawo mafi kyawun abin da ya samu ya ajiye a gaban bagade, wato teburin ibada, a yi addu'a, daga baya a raba wa gwauraye da marayu. Ranar nan gaban majami'a ya cika. Ga dammunan gero, ga tulin albasa, ga busasshen kifin Argungu, ga kabewa. Kaji da awakin da aka kawo kyautar godiya kuma an ɗaure su a waje, shi ya sa ba wanda ya tambaye ni dalilin zuwa da akuya. A tsakiyar kayan nan duka, a wurin da ido zai fara sauka, akwai wata babbar ƙwarya cike da shinkafa 'yar gida, fara sol, da kwalbar man gyaɗa a gefenta. Ta Mama Ladi ce, mahaifiyar Rahila. Kowa ya san da hannunta take surfe ta, ta bakace, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya san ba a wasa da ƙwaryar nan.

Na hau mumbari na fara. Na yi maganar Adamu, na yi maganar riga da tela, na jefa kalmomin Turanci inda ba a neme su ba. Da na ga tsofaffi sun fara gyangyaɗi, sai na sauka na fita na jawo baƙuwata. Nan take barci ya watse.

Na ajiye dusa, na ajiye gero, na ɗaga igiya sama. Na ce, "'Yan'uwa, muddin igiyar nan tana wuyanta, ba za ta yi ɓarna ba. Amma ba za mu ce mata ta gari ba, ɗaurarriya ce kawai. Allah bai so mu zama ɗaurarru ba, sai ya sake mu. Ku ji da kyau: in an yi ɓarna, laifin ba na wanda ya kwance igiya ba ne, na wanda ya zaɓa ne. Na wa ne?"

Suka amsa, "Na wanda ya zaɓa ne."

Na sa suka maimaita har kwanon rufi ya ɗauka. Na saci kallon Dattijo Bitrus, na ga kamar ya ɗan gyaɗa kai. Wallahi a lokacin har na fara tunanin kalar rigar ango.

Sai na kwance ta.

Ta dubi dusa. Ta dubi gero. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bayana, inda arzikin ikilisiya gaba ɗaya yake shimfiɗe. Duk gwajin da na yi a gida, zaɓi biyu na ba ta. Ban taɓa tunanin mai 'yanci yana iya neman na uku ba.

Tsalle ɗaya ta yi ta tsoma kai cikin ƙwaryar Mama Ladi har kunne. Samari suka taso mata, ta zille ta haye dammunan gero, ƙwarya ta kife, kwalbar mai ta fashe a kan shinkafar. Albasa ta bazu tana gangarawa ƙarƙashin bencuna, wani ɗan mawaƙa ya taka ɗaya ya zauna daɓas a kan ganga. 'Yan ƙungiyar zumuntar mata suka tattare zannuwa suka haye kujeru. Fasto ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa suna rawa, har yau ban san ko kuka yake yi ba. Akuyar ta zaga majami'ar kamar mai duba gonarta, ta ja zangarniya ɗaya daga dami (ba ma tawa ba) ta fice ta taga.

Ni kuwa ban san lokacin da na koma kan mumbari ba, ina tsaye ƙiƙam da igiya a hannu.

Mama Ladi ta dubi shinkafarta cikin mai da ƙasa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wa ya yi mini wannan?"

Daga can baya wani mara mutunci ya amsa, "Laifin na wanda ya zaɓa ne." Majami'a ta kece da dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na ji kamar in bi akuyar ta taga.

Dattijo Bitrus bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, dariyar ta mutu.

"Malam, ka san halinta kafin ka kwance ta?"

"Na sani, Baba."

"Ta ci abinci yau?"

"Tun jiya da yamma ba ta ci ba, Baba."

Ya ce, "Wa'azinka gaskiya ne, sai dai ka tsaya a rabi. Wanda ya sake mu bai hana mu abinci don mu faɗi ba, wannan naka ne. Kuma da muka yi ɓarna, bai tsaya a sama da igiya a hannu yana bayani ba. Saukowa ya yi ya ɗauki ɓarnar a kansa. Sauko."

Na sauko. Na durƙusa a gaban ikilisiya gaba ɗaya da wandona mai faɗin ƙafa, yana shan man gyaɗa, ina kwashe shinkafa da tafin hannu. Can sai na ga an ajiye faifai a gefena. Rahila ce. Ta durƙusa tana tayawa, ba ta ko kalle ni ba, ta ce a hankali, "Tunkiya ce ba ka samu ba?"

Akuyar ta riga ni isa gida, na tarar da ita kwance tana tuƙa hankali kwance. Baba Manu ya dubi wandona, ya dube ta, ya ce, "Malam, ta tuba?" Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya shiga rumbu ya ɗebo shinkafa mai kyau ya ce in kai wa Mama Ladi, domin akuyarsa ce. Na kai. Ta karɓa, ta ce a gaida Baba Manu. Ni kuwa ta juya mini baya ta shige ɗaki.

Na riga na sallama Rahila a raina, har na fara neman a mayar da ni Zuru. Sai ga saƙo Dattijo yana kirana. Na je na tsuguna, Rahila tana zaune a gefe.

Ya ce, "Na gama dubawa, kuma na ga abin da na gani. Amma ba zan ɗaure 'yata ba, ba kuma zan ja ta ba. Ga ka nan, ga sauran samarin gari. Ta zaɓa." Ya juya wurinta. "Sai dai ki tuna, in abin ya ɓaci, laifin ba na wanda ya kwance igiya ba ne."

Ta zaɓe ni. Ta ce wai wanda zai iya durƙusawa ya kwashe ɓarnarsa a gaban mutane, za a iya zama da shi, in dai an hana shi aron dabbobi.

Yanzu mun yi jikoki. Duk ranar da na ɓata mata rai, ba ta faɗa, ba ta kai ƙara. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ba laifin Babana ba ne, ni na zaɓa." In yara suka tambaye ta ko gaskiya ne mutum yana iya ɓata 'yancin da Allah ya ba shi, ba ta buɗe littafi, ni take nunawa.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. In ka aro littafi, ka karanta shi har ƙarshe. In kuma za ka kwance wa wani igiya, ka fara tanadar tsintsiya.