Nomau Ya Tafi Neman Garin Zafi

"Daga nan har inda kwalta ta ƙare, babu garin da ban taka ba," in ji Kawu Barau, yana zaune a kan bencinsa na tashar Barikin Kuza. Kullum haka yake faɗa, kuma kullum ba ya rasa masu saurare. Ya ce a Sakkwato ya fara ganin teku, a Maiduguri kuma ya hau dutsen da ya ninka namu tsawo. Baƙin direbobi in sun ji, sai su sunkuyar da kai su ci gaba da shan shayinsu.

Barikin Kuza tsohon sansanin masu haƙar kuza ne a saman duwatsun Filato, inda ruwan alwala ke cizon yatsa ko da bazara. A ƙarshen layin masallaci akwai wani gida mai mutum uku: shi Kawu Barau, da tsohuwarsa Tabawa, da jikanta Nomau, ɗan marigayiya ƙanwar Barau. Nomau saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, ga ƙarfi ga ladabi. Matsalarsa ɗaya ce, abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kafin ubansa ya rasu ya koya masa saƙar mafici, ya ce kada ya sake ta. Bai sake ta ba. Mafitai suka cika ɗaki har rufi, a garin da ko mai zazzaɓi bargo yake nema.

Da sanyin ƙashi ya kama gwiwoyin Tabawa har ta daina zuwa bakin ƙofa, malamar asibiti ta gaya musu gaskiya. In sanyin bana ya same ta a kan dutsen nan, ba za ta ƙara miƙewa ba. A nemi gari mai zafi, kuma wanda talaka zai iya zama. Nomau ya sayar da ragonsa guda, ya ce shi zai nemo garin. Kawu Barau ya ce da shi ne zai je, amma aiki ya yi masa yawa a tasha. Sai dai zai riƙa ba shi dabara ta waya.

Wata rana, ranar tafiya ke nan, Kawu ya ce masa, "Matafiyi ba ya jibgar kaya. Ka ɗauki abin da ba za ka iya rayuwa ba sai da shi, ka same ni a tasha. Kuma duk inda ka ga ta cije, ka ce Barau na Barikin Kuza ne ya aiko ka, za ka ga aiki." Bayan ɗan lokaci sai ga Nomau yana turo baro. A cikin baron akwai damin mafitai, a kan damin kuma Tabawa ce zaune, an naɗe ta da bargo biyu.

"Wannan fa?" in ji Kawu.

"Ita ce abin, Kawu."

"Ka ji mijin kirki," in ji Tabawa, domin da haka ta saba tsokanar jikanta. "Sai dai ka zuba ni a rami sau biyu, angon banza. Mayar da ni gida, ka je ka nemo mana ɗakin tukuna."

Aka mayar da ita. Ta ba shi curin man shanu a ƙoƙo, ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce ya riƙa sa wa abinci. Ya sa rigar sanyinsa, ya ɗora mafitansa a ka, ya shiga mota.

Wata rana ya sauka Bauci, ya kira Kawu ya tambaye shi yadda ake gane garin arha. Kawu ya ƙara muryar wayar don 'yan tasha su amfana. "Ba a tambayar farashi, 'yan kasuwa maƙaryata ne. Ka sayi abu, ka yi shiru. In aka yi maka gyara ba ka roƙa ba, garin ke nan." Nomau ya je wajen wata mai gyaɗa, ya sayi gwangwani ɗaya. Ta juye masa a leda. Ya riƙe ledar a buɗe, ya tsaya.

"Malam, da saura ne?"

Shiru.

"Ko canji na manta?"

Shiru. Tun hantsi yake tsaye har aka kira azahar. Masu saye suka riƙa kewaye shi. Wani ya ce kurma ne, wani ya ce a'a, iska ce, ya fara tofa masa addu'a a kunne. Mai gyaɗa ta ɗauki tirenta ta koma ƙarƙashin wata bishiya, Nomau ya bi ta da ledarsa a buɗe. Ta sake tashi, ya sake bi. A karo na uku mijinta ne ya iso da icen girki. Da Nomau ya samu ya shiga motar Gombe, ya kira gida yana shafa kafaɗa.

"Kawu, Bauci ba ta yi ba. Sun yi gyaran, amma ba da gyaɗa ba."

"Na san za a yi haka," in ji Kawu. "Gwada ka nake yi."

Wata rana da sassafe ya isa Gombe, ya tambayi yadda ake gane garin zafi. Kawu ya yi gyaran murya. "Kana da man shanu ko? Ajiye shi a ƙasa, ka gaida mutumin farko da ka gani. In ya narke kafin ku gama gaisuwa, gari ya yi. In bai narke ba, garin sanyi ne, kada ka kuskura ka cire rigar sanyinka." A wurinmu gaisuwa sai an tambayi gida da yara da gona da akuya, to da wannan ma'aunin Kawu ya yi lissafi. Mutumin farko da Nomau ya gani ɗan acaɓa ne.

"Sannu da aiki."

"Yawwa. Ina za ka?"

"Ba ko'ina."

Ɗan acaɓa ya ja babur ya wuce. Nomau ya leƙa ƙoƙo, man yana nan daram. Ya girgiza kai, ya ja zif ɗin rigarsa har wuya, ya zauna jiran motar Yola. Rana ta ɗaga. Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa kamar an kunna famfo. Wani mai sayar da lemo ya ce, "Bawan Allah, cire rigar nan mana." Nomau ya ce ba zai cire ba, garinsu sanyi gare shi, an auna. Kafin la'asar sai da aka kwantar da shi a inuwa aka kwara masa ruwa bokiti biyu. Aka zaro mafici ɗaya daga daminsa ana yi masa fifita, kuma mutum uku suka tambayi nawa yake sayarwa. Bai amsa ba, don ba a ce masa ya yi ciniki a Gombe ba.

Wata rana ya sauka Yola, kuɗin rago saura kaɗan. Da ya buɗe ƙoƙo, man ya riga ya zama ruwa tun kafin ya ce wa kowa sannu. Ya cire rigar sanyi, ya yi hamdala. Wani dillalin gidaje ya kai shi wani ɗaki a tsakiyar gari, ya faɗi kuɗin shekara. Ko rago biyar Nomau ya sayar ba za su kai ba. Ya koma gefe ya kira Kawu.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Kawu. "Ka taya da abin da ke aljihunka. In ya ƙi, ka juya masa baya ka kama tafiya. Kada ka waiwaya, kada ka juyo, sai ka ji an ce maka, zo ka kawo kuɗin."

Nomau ya taya. Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki. Nomau ya juya baya ya kama tafiya, dillali kuma ya hau babur ɗinsa ya tafi cin abinci. Nomau ya wuce kasuwa, ya wuce makaranta, ya wuce gidan mai. Mutane suna kiran "mai mafici, mai mafici," bai waiwaya ba, don ba wannan maganar yake jira ba. Masu tsananin buƙata suka riƙa shan gabansa da gudu, suna zaro mafici suna cusa masa kuɗi a aljihu, shi dai idonsa na gaba. Kwalta ta ƙare, ya shiga burji. Burji ya ƙare a wata unguwa ta bayan gari kusa da kogi, a jikin katangar wani gida. Gaba babu hanya, baya kuma an hana shi juyawa. Sai ya tsaya, hancinsa na kusan taɓa katanga.

Maigidan wani dattijon direba ne mai suna Hamman, yana wanke babbar motarsa a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya matso.

"Samari, me katangata ta yi maka?"

Nomau ya ga lallai ta cije. "Barau na Barikin Kuza ne ya aiko ni."

"Barau? Wani dogo mai wushirya?"

"Shi ne. Kawuna ne."

Hamman ya ajiye bokiti, ya zauna a ƙasa, ya yi dariya har hawaye. Da ya huce, Nomau ya ba shi labarin kakarsa da gwiwoyinta, duk yana fuskantar katanga. Hamman ya share hawayensa. Ya ce akwai ɗaki a bayan gidansa da ya cika da tsofaffin tayoyi, in Nomau zai kwashe su, ya kawo abin da ya sawwaƙa.

"To juyo mana ka ga ɗakin."

"Sai ka faɗa."

"In faɗi me?"

"Zo ka kawo kuɗin."

"To, zo ka kawo kuɗin."

Nomau ya juyo. Matar Hamman tana sayar da ƙuli-ƙuli a zaure, ya sayi na cin rana, ta ƙara masa uku bai buɗe baki ba. Nan ya tabbata ya iso.

Bayan mako guda Hamman zai hau Filato ɗaukar dankalin Turawa, ya ce zai dawo da tsohuwar a gaban mota. Labari ya riga su isa Barikin Kuza. Ranar, tasha ta cika, har Liman da malamar asibiti sun zo. An kawo Tabawa a baro da ƙullin kayanta. Kawu Barau ya sa babbar riga, yana bayani.

"Ni na tura shi wajen mutumina. Ni da Hamman mun ci Yola, mun ci Garwa. Sunana kawai yaron ya ambata."

Mota ta tsaya. Hamman ya sauko, ya miƙe bayansa, ya hango shi.

"Barau, har yanzu kana kan bencin nan?"

"Hamman, abokin tafiya," in ji Kawu, muryarsa ta ɗan sirance.

"Tafiya kam mun yi ta," in ji Hamman, ya juya wajen jama'a. "Shekara ashirin ke nan, ya shiga motata zai je Bauci. Muna kaiwa kwanar farko ta gangaren can, ya leƙa ƙasa, ya rungume ni ta wuya yana salati, saura kaɗan mu faɗa rami. Na sauke shi a ƙauyen da ke gindin dutse. Wata guda ina wucewa ina ganinsa a rumfar mai shayi, yana tambayar direbobi yadda garuruwa suke. Ni ne ma na ce masa akwai teku a Sakkwato, don in ga ko zai yarda."

Mai shayi ne ya fara dariya, daga nan kowa ya ɗauka. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

"Wata gudan da ka ce kana Legas ke nan?" in ji Tabawa. "Har da tsarabar dankali. Na ce ikon Allah, dankalin Legas sak irin namu."

Nomau bai yi dariya ba, shi bai ga abin dariya ba. Ya ɗauki kakarsa cak ya ajiye ta a gaban mota, ya tattara barguna biyun ya miƙa wa Kawu, ya ce can ba a buƙatarsu. Sannan ya riƙe ƙofar a buɗe.

"Kawu, akwai sauran wuri. Ka zo ka raka mu, tunda ka san hanya."

Kawu Barau ya dubi motar, ya dubi inda kwalta ta fara gangarawa. Ya koma ya zauna, ya kama bencin da hannu biyu.

"Ku je kawai," ya ce. "Aiki ya yi mini yawa a tasha."